Ra'ayinmu: Wanda Ya Ɓata Hanya, Shi Ya Kamata Ya Gyara

Duk wanda ya taɓa koyarwa a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa ko Bichi ya san cewa hanyar makaranta iri biyu ce: akwai ta rani, akwai ta damina. Da rani yashi ne ke riƙe tayar babur. Da zarar ruwa ya zauna kuwa, daga Yuli har zuwa Satumba, sai malami ya bar kwalta ya faɗa caɓi, ya isa aji da laka har gwiwa, takardun jarrabawa na ƙunshe cikin leda a ƙirjinsa. Wannan lokaci shi ne ƙarshen zango na uku da farkon sabuwar shekarar karatu, wato lokacin da aka fi buƙatar malami a gaban allo.

An saba ɗora wa ruwan sama alhakin wannan wahala. Mu a wannan reshe ba mu yarda da haka ba. Ruwa rahama ne, kuma kakanninmu sun bi waɗannan hanyoyi da ƙafa da jaki da amalanke shekara da shekaru ba su lalace haka ba. Abin da ya sauya shi ne nauyin da ake ɗora musu. Hanyar ƙasa tana jure kaya in ta bushe, amma in ta sha ruwa ta yi laushi, tifa ɗaya cike da yashi ta isa ta tsaga ta gida biyu. Tayoyinta sukan bar ramuka biyu dogaye, ruwa ya kwanta a ciki ko ya riƙa gudu yana cin ƙasa, har wurin ya zama kwazazzabo. Tarakta mai zuwa huɗa ta biyo baya ta ƙara zurfafa su, motar kayan gona ta maƙale a tona a fitar da ita a bar ramin a buɗe. In kwalbati ya karye, shi ke nan, gari ya yanke.

Mai babur shi ne na ƙarshe a wannan jeri, kuma shi ke kwasar kashinsa a hannu. Ba ya ganin zurfin rami in ruwa ya rufe shi. In ya hau tudun tsakiya santsi ya kwashe shi, in ya faɗa rami injin ya sha ruwa. Laka tana cin sarƙa da birki, ga faci, ga kuɗin bakanike, ga man fetur da ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Malamai mata da ke hawa acaɓa sun fi kowa shan wuya, domin ɗan acaɓa yakan ƙara kuɗi ko ya ce ba ya zuwa. Bayan duk wannan, sunan malamin ne ake ja wa jan layi a rajistar makara. Wanda ya kwashi yashi ya kai birni ya karɓi kuɗinsa, babu mai tambayarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba muna neman a hana kowa neman abincinsa ba ne. Direban tifa ɗan'uwanmu ne, wataƙila ɗansa yana ajinmu, kuma manomi yana buƙatar tarakta. Magana ce ta adalci da kuma doka. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Jihar Kano tana cikin jihohin da ke cin gajiyar shirin RAAMP na hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya ke tallafa wa. Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Muna maraba da sababbin azuzuwa da kujeru, amma aji ba ya koyar da kansa. Hanyar da za ta kai malami makaranta wani ɓangare ne na wannan ta-ɓaci.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli su zauna da hakimai da dagatai da ƙungiyoyin masu tifa, a tsayar da ƙa'ida: manyan motoci su dakata da bin ƙananan hanyoyi na kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai ƙarfi, kuma duk wanda ke ɗibar yashi a wani yanki ya zuba marmara a wuraren da ya fasa kafin damina ta gaba. In ana karɓar haraji a bakin rafi, jama'a su ga amfaninsa a kan hanyar da ta kai rafin. Muna kuma roƙon SUBEB da sakatarorin ilimi su bambanta malamin da lalaci ya makarar da wanda ya tura babur kilomita biyu cikin taɓo. Alawus ɗin aiki a karkara, wanda gwamnatin tarayya ta yi alkawari a Ranar Malamai ta Duniya ta 2020, lokaci ya yi da malamin ƙauye zai gan shi a albashinsa.

Sai dai laifi tudu ne, kada mu take namu mu hango na wani. Da yawa daga cikinmu, in mun tarar da caɓi, sai mu ratsa gonar mutane mu tattake gero da gyaɗa. A wannan yanki da gona ke manne da gona, kunya ɗaya abincin gida ce. Malamin da ke koyar da kiyaye haƙƙin maƙwabci bai kamata a gan shi yana haka ba. Mu sauka mu tura, mu rage gudu in mun iske yara a hanya, mu sa hular kwano, mu bar goyon mutum uku a kan santsi. Manoma su ma su ji tsoron Allah su daina cin burtali, domin hanyar da aka matse ba ta da wurin da ruwa zai bi sai tsakiyarta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna umartar wakilan ƙungiya a kowace makaranta su rubuto wa sakatariyar reshe wuraren da hanya ke yankewa, da kwanakin karatun da aka rasa a bana, tare da sa hannun shugaban makaranta da kwamitin iyaye. Da wannan takarda za mu tunkari hukuma tun da rani, lokacin da gyara yake da sauƙi. Inda aikin gayya zai wadatar, a ga malamai a sahun gaba da shebur a hannu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai kowane malami ajinsa lafiya, Ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya.