Injin walda ba dutsen guga ba ne

Wannan makon a kan ɗan ƙanena zan yi magana, da izininsa. Ya gama koyon walda a nan Kwatano, muka haɗa masa kuɗi ya sayi ƙaramin inji, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, mai amfiya 200. Ya kafa a zauren gidan da muke haya, ya cusa filogi a soket ɗin da ake guga. Kwana uku sai muka fara jin ƙaurin roba. Da aka kwance soket ɗin, bayansa baƙi ƙirin, robar waya ta narke. Allah ne ya tsare, don a ɗakin da ke jikin bangon nan atamfofina suke jibge.

Ga abin da mai wayarin ya fahimtar da ni. Soket na gida a ƙasashen renon Faransa amfiya 16 yake ɗauka, na Gana da Najeriya 13. Shi kuwa injin nan, 200 ɗin abin da yake fitarwa ne wajen ƙarfe. Abin da yake ja daga bango, in an ƙure shi, ya kan kai 30. Wayar soket siririya ce, mai lamba 2.5, ba ta wannan nauyin ba ce. Tsohon inji mai taransifoma ma ya fi ci.

Don haka layinsa daban aka ja masa tun daga allon mita: waya mai lamba 6, bireka mai amfiya 32, babban soket irin na masana'anta, da wayar ƙasa. Kuma kada bireka ta riƙa yankewa ka ce a sa babba a bar tsohuwar waya. Waya bireka take gadi. Ka ƙara mata girma, ka mai da wayar fis, a cikin bango kuwa.

Mu 'yan kasuwa mun san jabu, amma a waya ana cin mu. Kankare bakinta da wuƙa: in cikin ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, ajiye musu kayansu. Doguwar waya mai naɗi kuma a warware ta duka kafin a kunna, a naɗe zafi take tarawa.

Sai mita. A nan da amfiya ake yi maka rajista, in taka 10 ce ko 15, inji na kamawa za ta yanke. Dole a je ofis a nemi ƙari, kuma da sanin mai gida. Mu baƙi ne. Gobara ta tashi a gidan haya ta dalilinmu, ba mu kaɗai za a zaga ba, duk Zango ne.

Yaron ya ce, "Baba, wannan kuɗin waya ai ya yi yawa." Na ce ya ranta a wurina, ya biya da ƙofar shagona da ta shekara tana jan ƙasa. Jiya ya ɗora ta.