Raddi ga masu cewa "in dai Core i7 ce, an gama"

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a bakin masu sayar da kwamfuta da masu gyaranta, daga shagunan Kawo har zuwa na titin Ahmadu Bello, kuma tana cinye kuɗin samari ba gaira ba dalili. Yaro ya yi tari, ko uba ya ba shi jari ya buɗe gidan gem, sai a ce masa: zuba kuɗinka a furosesa, nemi Core i7, katin girafik kwalliya ce. Hujjojinsu huɗu ne. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwa, saboda haka ita ta cancanci kaso mafi tsoka. Kati ana iya ƙara shi daga baya. Kati yana shan wuta. Sannan i7 ba ta faɗuwa a kasuwa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, in ba kowacce haƙƙinta.

Hujjar farko ita ce ginshiƙin maganar, kuma ita ce mafi rauni. Wace i7 ake nufi? Kamfanin Intel ya fara amfani da wannan suna tun 2008, kuma ya yi ta liƙa shi a kan zubi bayan zubi. Core i7-3770 da ke cikin tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake shigo mana da su 'yan kwatano, a 2012 aka fitar da ita. Cibiyoyin aiki huɗu gare ta. Core i3-12100 ta 2022 ita ma huɗu gare ta, kuma ta fi waccan gudu nesa ba kusa ba, domin shekara goma na gyaran ƙira suna tsakaninsu. Ashe ga i3 ta kayar da i7, amma mai shago ba zai faɗa ba, domin lambar bakwai ce ke sa mai saye ya daina taya kaya. Abin ya fi muni a kwamfutar tafi-da-gidanka: i7-6500U da i7-7500U cibiya biyu kacal gare su, an ƙera su ne don tattalin batir. Ana sayar wa yara su da sunan injin gem. Wannan ba jahilci kaɗai ba ne, akwai rashin tsoron Allah a ciki.

Mu ɗauka ma i7 ɗin sabuwa ce dal. Wa ke zana abin da ido ke gani? Allon 1080p yana da ɗigo 2,073,600. In ana son wasa ya tafi sumul a hoto 60 cikin daƙiƙa ɗaya, dole a lissafa launi da haske da inuwar waɗannan ɗigo duka a cikin kashi ɗaya bisa sittin na daƙiƙa, a sake, a sake. Wannan aikin katin girafik ne, shi ke da dubban ƙananan cibiyoyi masu yin lissafi iri ɗaya a lokaci guda. Furosesa kuwa tana tsara inda ƙwallo za ta faɗa, da motsin 'yan wasa, da abin da ka danna, sai ta miƙa wa kati ya zana. Mai zuba kuɗi a furosesa ya bar kati tamkar ango ne da ya kashe dukiyarsa a kan babbar riga ya manta bai tanadi ɗakin da amarya za ta tare ba. Wanda ya sayi i7-3770 ba kati, abin da ke zana masa hoto shi ne ɗan guntun HD 4000 da ke cikin furosesar, wanda aka yi don takardun ofis da kallon bidiyo.

Kuma ba sai an yi musu ba, masu wasannin sun rubuta abin da suke buƙata. Wasan ƙwallon da ya fi tara samari a gidajen gem, wanda aka sani da FIFA kafin ya koma EA Sports FC a 2023, kamfaninsa ya bayyana mafi ƙarancin kayan da FC 24 zai tashi a kansu: Core i5-6600K ko Ryzen 5 1600, tare da katin GTX 1050 Ti. Duba da kyau. A ɓangaren furosesa i5 ta 2015 ta wadatar. A ɓangaren hoto kuwa kati aka ambata da sunansa. To ina i7 ɗinku a nan? Wane littafi kuka karanta da ya fi na wanda ya ƙera wasan?

Ba na cewa furosesa banza ce, kada a juya mini magana. Akwai wasannin da suka fi jingina da ita, irin su Counter-Strike 2 da Valorant, musamman ga mai allon da ke nuna hoto 144 a daƙiƙa. Wanda ya ɗora RTX 3060 a kan i5 ta zubi na uku shi ma ya yi asara, katin zai riƙa zaman jiran umarni, wasa yana sarƙewa. Gane wannan ba wuya: buɗe manhajar MSI Afterburner kana cikin wasa. In kati yana aiki kusa da kashi 100, kuɗinka na aiki. In yana lilo a rabi alhali wasa na tsalle-tsalle, galibi furosesa ce ta gaza. A ra'ayina, mai haɗa kwamfutar gem ya ware wa kati kusan ninki biyu na abin da ya ware wa furosesa, ya tsaya a kan irin Ryzen 5 5600 ko i5-12400F, ya sa RAM 16GB sanda biyu, ya fara tambayar kansa wane wasa da wane allo kafin ya tambayi farashin komai.

Hujja ta biyu, wai a ƙara kati daga baya. A ƙara a ina? Siririn akwatin OptiPlex ko EliteDesk ba ya ɗaukar kati mai cikakken tsayi. Na'urar ba da wutarsa ƙarama ce, sau da yawa ba ta wuce wat 250 ba, ba ta da wayar da manyan katuna ke buƙata, kuma mahaɗinta na kamfanin ne, ba ko wacce za ta shiga gurbinta ba. Ramin da ake soka kati wat 75 kawai yake bayarwa. Ke nan "daga baya" ta tsaya a kan ƙaramin kati irin GTX 1650 gajere, ko kuma a sake akwati da na'urar wuta gaba ɗaya. Ga kuma naira: kafin Yunin 2023 dala ba ta kai 500 ba a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Waɗanda aka ce su jira a wancan lokacin, su za a tambaya abin da jiran ya jawo musu.

Batun wuta yana da ɗan ƙamshin gaskiya, domin wanda ke kunna janareta a Kawo tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ya san zafin kowace lita. Sai dai lissafin bai goyi bayansu ba. GTX 1650 wat 75 take ci, RTX 4060 kuma 115. Tsohuwar i7-4790 wat 84 aka rubuta mata, i7-13700K kuwa tana iya kaiwa 253 in aiki ya yi zafi. Ryzen 5 5600 tana kan 65. Ba wanda ya ce ɗan Kawo ya sayi RTX 4090 mai wat 450.

Sai ta ƙarshe, wai i7 ba ta faɗuwa. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, in ban da 'yan ƙalilan. Yawancin i7 da ke jibge a shaguna suna ƙasa da wannan layi, kuma masu saye sun fara tambayar zubi kafin su tambayi suna.