Ciwon dajin maraina: inda magani ya ci, da inda ya tsaya

A shekara ta 1974, wani likita na jami'ar Indiyana ta ƙasar Amurka, Lawrence Einhorn, ya soma gwada maganin da ake kira sisfilatin bisa samarin da ciwon dajin maraina ya bazu cikin jikinsu. Kafin wannan lokaci, cikin goma da ƙyar ɗaya ke tsira. Bayan da aka haɗa shi da wasu magunguna, sai aka kai ga warkar da wajen takwas cikin goma. Yau ana ba da shi tare da bilewomisin da etofosid, zagaye 3 ko 4, kowane zagaye kwana 21.

Amma wannan nasara ta shafi dajin da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke yin maniyyi ne, wanda shi ne wajen kashi 95 cikin 100.

Sauran kuwa, labarinsu dabam ne. Akwai ƙarin da ke fitowa daga ƙwayoyin Leydig, masu yin sinadarin mazakuta, da na ƙwayoyin Sertoli. Galibinsu ba su yaɗuwa. Cire gwaiwar da ta kamu ya wadatar. Wajen ɗaya cikin goma ne ke bazuwa zuwa kaluluwar bayan ciki, da huhu, da hanta. In haka ta faru, sisfilatin ba ya yin wani tasiri, gashin haske ma haka. Gwajin jinin da ke tona asirin dajin farko shi ma ba ya nuna kome a nan. Abin dogaro shi ne fiɗa: a buɗe ciki a kwashe kaluluwar tun ciwon bai yi nisa ba. An gwada mitotan, maganin dajin wata halitta da ke bisa ƙoda, amma amfaninsa kaɗan ne, kuma ba ya daɗewa. Dalilin wannan jinkiri a fili yake: masu ciwon ba su da yawan da za a tara su a yi babban gwaji, kamfanonin magani kuma ba su hango riba ba.

Ga dattawan da suka wuce shekara 60, dajin maraina sau da yawa limfoma ne, kuma maganinsa dabam: ƙarin ruwa na R-CHOP, da gasa ɗaya gwaiwar, da kare ƙwaƙwalwa.

A Nijar, an buɗe sashen gashin haske na cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai a 2021. Sai dai na'ura ba ta faɗin irin dajin; wannan aikin mai duba tsokar da aka cire ne, a ƙarƙashin madubin likita, kuma a kan amsarsa ake zaɓen magani.