Gonar kwali da gonar Illela

A shekarar 2007 wani Bajamushe mai suna Uwe Rosenberg ya fitar da Agricola, wasan dabara da ake yi a kan kwali. Kowane ɗan wasa manomi ne mai ɗaki biyu. Cikin zagaye 14 zai yi huɗa, ya yi shuka, ya kiwata tumaki da shanu. Idan girbi ya zo dole ya ciyar da iyalinsa, wanda kuwa ya gaza sai a miƙa masa katin bara, a zabtare masa maki uku.

Wasan ya burge ni, domin ya ɗauki noma a matsayin aikin lissafi. Sai dai gonarsa ta cika ladabi: ruwa ba ya ɗaukewa, fara ba ta sauka, ƙwayar da ka shuka sai ta ba ka abin da aka rubuta.

Manomin Illela ba shi da wannan gata. In kaka ta yi, ko dai ya kai gero da wake kasuwa da araharsu, ko ya zuba a rumbu ya jira tsadar damina. Mai albasa kuma ya san duk kwanan da ta ƙara a ajiye ruɓa na cin rabonsa. Ga kuma iyaka. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, fatauci tsakanin Illela da Birnin Ƙonni ya tsaya cik. Babu kati irin wannan a akwatin Rosenberg.

Ra'ayina shi ne mu ƙirƙiro namu. Ai dabara a kan gurabe ba baƙuwarmu ba ce: dattawa sun daɗe suna dara a gindin bishiya, gurbi 30, 'ya'ya 12 ga kowa, ka jera uku ka cinye na abokin karawa. Sai dai dara wasan farmaki ce, ba ta koyar da tanadi.

Wani zai ce yaron da ya tashi da fartanya ba ya buƙatar kwali ya koya masa noma. Gaskiya ne, amma ba a ba shi damar yanke shawara sai ranar da gida ya dawo wuyansa, lokacin da kuskure ɗaya ke nufin rumbu ya ƙare tun kafin sabon gero ya nuna. A kan kwali zai iya sayar da hatsinsa da wuri sau goma, ya ga abin da ke biyo baya, tuwon dare kuma yana nan yana jiransa.