Kafin a kai shi Kaltungo

Kaka ta kama, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga tarin gyaɗa ko karan dawa ya san abin da kan kwanta a ƙarƙashi. Cikin makon nan aka kawo mini labarin wani yaro makiyayi da kububuwa ta sara a daji. Abokan kiwonsa suka yi abin da suka gada: suka ɗaure ƙafarsa tamau da igiya, suka tsaga wurin da reza, wani ya kafa baki ya tsotsa. Sai da jini ya fara tsattsafowa ta dasashi sannan aka nemi babur.

Ban ga laifin yaran ba. Wa ya koya musu?

Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. To wanda jininsa ba ya tsayawa ka sa masa reza, taimakonsa ka yi? Ɗaurin nan kuwa yakan kashe ƙafa har a kai ga yanke ta, baƙin dutsen da ake mannawa kuma ba abin da yake zuƙewa sai lokaci. Abin da ya dace bai cin ko kwabo: a kwantar masa da hankali, a cire zobe da warwaro kafin kumburi, a ɗora wa ƙafar sanda kamar karaya amma ban da matsewa, a ɗauke shi kada ya taka. In amai ya taso a kwantar da shi ta gefen hagu. In maciji ya tofa dafi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa. Kada kowa ya tsaya farautar macijin.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, ta kuma ce yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara. Muna da asibitin Kaltungo a Gombe, da na Zamko a Filato, masu jinyar saran maciji, da allurar EchiTAb mai kashe dafi. Masu cewa tsadar allura da ƙarancinta ne babbar matsala sun yi gaskiya, sai dai allura ba ta mayar da ƙafar da igiya ta riga ta kashe.

Ina da tsohon ƙorafi kan 'yan agajinmu. Kaki a goge, fareti ba kuskure, tare hanya ranar wa'azi sai su. Madalla. Amma a tara su a tambayi yadda ake tsayar da jini, a ji shiru. Abin kunya ne! Ga matasa a kowane ƙauye, ga Red Cross mai koyar da taimakon farko, amma an bar makiyayi da reza.

Ardo da Sarkin Noma za su iya tara mutane ranar kasuwa, ma'aikacin lafiya ya nuna musu a aikace. Shugaban ƙaramar hukumar da ke rabon babura lokacin zaɓe ya ajiye ɗaya a kowace mazaɓa, da mai a tanki, da lambar wayar da kowace ruga ta sani.