Wasan Harbe-harbe a Waya: Ina Haɗarin Yake?

Mata masu zuwa awo daga Illela sukan tambaya ko wasannin harbe-harbe irin PUBG za su mai da yaro ɗan ta'adda. A shekarar 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar cewa wasan na jawo aikata kisa, sai dai yakan ɗan ƙara tsiwa da ture-ture. Ni dai ban ga amfanin haramta shi ba. Abin da ke shigowa ta waya, wa zai tare shi a iyakar Ƙonni?

Ƙanana ne damuwata. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin. Ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Uwa, ko ciki ya yi nauyi, kada ki miƙa wa yayayye waya don ki huta. Maigida, karɓe ta hannun manyan bayan isha'i.

Yaron da ke ganin ana dukan uwarsa, balle da juna biyu, shi na fi ji wa tsoron koyon duka. Wadda hakan ke faruwa da ita, ta sanar da mu a asirce ranar awo.