Manyan motocin alfarma masu ruwa biyu: Tsimin mai a takarda, shan mai a titi

Duk wanda ya duba takardar bayanin motar BMW X5 xDrive50e zai ga abin mamaki. Jif ce mai nauyin kusan tan biyu da rabi, da inji mai silinda shida, amma alƙaluman gwajin hukuma a Turai, kafin a tsaurara lissafin gwajin, sun ce kimanin lita ɗaya kacal take sha a tafiyar kilomita 100. Takardar Range Rover P550e, wadda ta fi ta nauyi, ita ma haka ta faɗa a lokacin. Da a ce maganar ta tabbata a kan titi, da waɗannan giwayen sun fi babur ɗin acaɓa tsimin mai.

Waɗannan su ne motocin da za a iya kira masu ruwa biyu: suna da injin fetur, suna kuma da babban batir da ake jona wa wuta a gida kamar wayar hannu. Masu ƙera su na cewa a cikin gari lantarki zai ja motar, idan aka kama doguwar hanya kuma fetur ya karɓa. Sai dai bayanan da suka fito daga Turai a 'yan shekarun nan sun nuna cewa akwai tazara mai faɗi tsakanin abin da aka rubuta da abin da direba ke biya a gidan mai.

Tun daga watan Janairun 2021 dokar Tarayyar Turai ta wajabta sanya wa sababbin motoci na'urar da ke ƙidaya ainihin man da suka sha. A watan Maris na 2024 Hukumar Tarayyar ta fitar da rahotonta na farko daga waɗannan na'urori, bisa motoci kimanin 600,000. Motocin fetur zalla sun zarce alƙaluman gwaji da kusan kashi 24 cikin ɗari, na dizal da kusan kashi 18. Masu ruwa biyu kuwa sun ninka alƙalumansu sau uku da rabi: giram 139.5 na hayaƙin kabon a kowace kilomita, maimakon 39.5 da aka rubuta musu. Tun da yawan hayaƙi na tafiya ne daidai da yawan man da aka ƙona, ma'anar ita ce man da suke sha ya ninka na takarda sau uku da rabi.

Asalin tazarar yana cikin yadda ake gwajin. Ana gwada motar sau biyu, da cikakken batir da kuma bayan ya ƙare, sannan a haɗa sakamakon bisa zaton cewa yawancin tafiyar mai motar da lantarki zai yi ta. Binciken da cibiyar ICCT da cibiyar Fraunhofer ISI ta Jamus suka wallafa a 2022 ya nuna cewa gwajin na zaton kashi 70 zuwa 85 na tafiya da lantarki ake yi. A zahiri, masu motocin kansu sun tsaya a kashi 45 zuwa 49, motocin da kamfanoni ke bai wa ma'aikatansu kuma kashi 11 zuwa 15 kawai.

Dalilin wannan bambanci ba ɓoyayye ba ne ga duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe motar ofis. Kamfani ya ba ka mota da katin shan mai kyauta, kuɗin wutar gidanka kuwa daga aljihunka zai fita. Me zai kai ka wahalar jona waya kowane dare? Da yawa daga manyan motocin alfarma a Turai ta wannan hanya ake sayensu, saboda rangwamen harajin da alƙaluman takarda ke samar musu. Gwamnatoci sun fara farga. Birtaniya ta cire irin waɗannan motoci daga tallafin saye a 2018, Jamus ta bi sahu a farkon 2023, Tarayyar Turai kuma ta fara tsaurara lissafin gwajin daga 2025. Duk da haka, a watan Disamban 2025 Hukumar Tarayyar ta gabatar da shawarar sassauta dokar 2035, ta yadda za a rage hayaƙin sababbin motoci da kashi 90 maimakon kashi 100. Idan shawarar ta zama doka, masu ruwa biyu za su ci gaba da fitowa daga masana'antu.

Girman motar na ƙara tsananta lamarin. Batirin da kayan haɗinsa suna ƙara mata ɗaruruwan kilo, kuma da zarar cajin ya ƙare, injin fetur ne zai ja wannan kaya a matsayin dako. Akwai kuma asarar wuri. Ma'ajiyar kaya ta X5 mai fetur zalla lita 650 ce, ta mai ruwa biyu kuma 500, kuma ba a samunta da kujeru bakwai. Ga magidanci mai iyali da yawa wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Adalci ya sa a faɗi inda motar ke cika alƙawari. Batirin X5 ɗin nan, mai ɗaukar yunit 25.7 na wuta, yana iya kai ta kusan kilomita 100 a gwaji, kuma ko an rage wani abu saboda na'urar sanyaya da cunkoso, ya ishi zirga-zirgar yini guda. Wanda ke yin kilomita 40 ko 50 tsakanin gida da ofis, yana kuma caji kowane dare, zai iya shafe makonni bai leƙa gidan mai ba. Tsimin gaskiya ne, amma ɗabi'ar mai motar ce ke samar da shi.

Me ya haɗa mu da wannan muhawara? Kasuwar motocinmu ta dogara ne da gwanjon Turai da Amurka, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam. Motar da wani manaja ya hau a Jamus yau, ita ce za ta tsaya a filin dillalai a Legas, Abuja ko Kano bayan 'yan shekaru. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, da farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 har ya haura 1,000 a 2024, kalmar tsimin mai ta zama babban makamin dillali. Ɗan kasuwa ko babban ma'aikacin da aka nuna wa takardar lita ɗaya a kilomita 100 zai iya zuba miliyoyi bisa lissafin da ko a ƙasar da aka yi shi bai tsaya ba.

A wurinmu lissafin yana rataye ne a kan wutar lantarki. Mazaunin rukunin Band A, wanda aka yi wa alƙawarin sa'o'i 20 a rana, aka kuma sanya masa Naira 225 a yunit a watan Afrilun 2024, zai kashe ƙasa da Naira 7,000 ya cika batir mai cin yunit 30. Wannan ya fi sauƙi a kan lita tara ko goma na fetur da irin wannan mota za ta ƙona a tafiya mai tsawon haka. Amma soket ɗin gida na yau da kullum yana buƙatar sama da sa'o'i goma kafin ya cika shi. Idan kuma janareta za a tayar, ribar ta tafi: ƙaramin janaretan fetur da wuya ya ba da fiye da yunit biyu a lita, wato kimanin lita 15 don cika batirin. Gara a zuba man a tankin motar kai tsaye. Mai babban tsarin sola ne kawai ya tsira daga wannan tarko.

Doguwar tafiya ma tana da nata hukuncin. Daga Abuja zuwa Kano sama da kilomita 400 ne; batirin zai ƙare tun kafin a kai Kaduna, sauran hanyar kuma fetur ne. Sai batun shekaru. Garantin batir galibi shekara shida zuwa takwas ne, wato daidai lokacin da motar ke isowa gare mu yake ƙarewa, zafin ƙasarmu kuma yana hanzarta tsufan batir. Bakaniken da ya ƙware a injin fetur ba lallai ne ya iya taɓa wayoyin da ke ɗauke da ƙarfin wuta na ɗaruruwan bolt ba, kuma kuskure a nan na iya cin rai.

Saboda haka, kafin a biya kuɗi, mai saye ya nemi a auna lafiyar batirin da kwamfuta a gabansa, ya tabbatar wayar caji tana cikin motar kuma ta dace da wutar gidansa, ya kuma tambayi abin da take sha idan batir ya ƙare, domin wannan ne adadin da zai riƙa biya a kan hanya. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Wanda ba shi da tsayayyar wuta a gida, kuma yawancin tafiyarsa ta tsakanin jihohi ce, zai fi cin riba da motar da ke caja ƙaramin batirinta da kanta, ko ma ƙaramar motar fetur da bakaniken unguwarsu ya san cikinta.